Ranar da Rabo Ya Shayar da Ƙarfen Mani

A Dumega, in ka tambayi tsofaffi wane ne Mani Maƙeri, sai su ce maka, "Mai babur?" Abin da ya rage na sunansa ke nan. Mutum ya haura shekara saba'in a duniya, ya ƙera hauyar da ta ciyar da rabin gari, amma ba a tuna shi sai da wani tarkacen ƙarfe da ya daɗe da ruɓewa a bakin hanya. Shi ƙanen kakana ne. Kakana Rabo shi ne wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma daga bakinsa na ji yawancin abin da zan faɗa, bayan ya tsufa har ya daina jin nauyin jika.

Ubansu ya rasu Mani bai yi wayo ba. Rabo ne ya rene shi, ya koya masa zuga da riƙon masaba. A maƙerar gidanmu akwai wata ƙa'ida da kowa ya tashi ya tarar. Kowa na iya zuga wuta, kowa na iya dukan ƙarfe, amma in an zo ƙarshe, wurin tsoma ƙarfe mai zafi a kaskon ruwa don ya yi tauri, wannan na babba ne shi kaɗai. Shayar da ƙarfe muke ce masa. Babba ne ke duban launin ƙarfen, ya ambaci kakanni a zuciyarsa, ya tsoma. Kuma abin da babba ya shayar ba a mayar da shi wuta, don mayar da shi daidai yake da ka tsaya a tsakar gari ka ce hannun babban ya mutu.

Da Nasara suka buƙaci soja lokacin yaƙinsu na biyu, aka ce gidanmu ya ba da namiji ɗaya. Rabo na da iyali da yawa a wuyansa, sai Mani ya tafi, ya bar matarsa Lantana da jaririya a baya, Ma'u. Da Nasara suka ji ɗan maƙeri ne, suka tura shi garejin soja. Shekara shida ya yi kwance a ƙarƙashin kamiyo, wato manyan motocin kaya, bai harba bindiga ko sau ɗaya ba. Ya dawo da akwatin sifanu, da tabon ƙuna a damtse, da ilimin ƙarfe iri-iri da ba a san da shi a Dumega ba.

Wannan ilimin ne ya fara ɓata tsakaninsu. Bai yi wata da dawowa ba, wata rana manoma na zaune cike da maƙera suna jiran kayansu, sai ya ce wa Rabo ai ba kowane ƙarfe ke son ruwa ba, a gareji ya ga wanda ake bari ya huce da kansa. Rabo bai ɗaga kai daga aikinsa ba, ya ce, "To, jama'a, ku gyara zama. Nasara ya zo shi koya muna ƙira." Aka yi dariya. Mani ya sunkuyar da kai ya ci gaba da zuga. Daga ranar ya ɗinke bakinsa. Suna maƙera ɗaya, suna cin tuwo a akushi ɗaya, amma maganarsu ba ta wuce gawayi ya ƙare ko an kawo gyara.

Babur ɗin kuwa da rani ya samo shi, wata shekara da ya tafi Dogon Dutsi yana taya masu gyaran motar kumandan, Banasaren da ke mulkin yankin, aiki. Wani Banasare malamin gona ne ya tafi ya bar shi jingine da bango, har kaji sun mai da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai. Aka ce ya ɗauka in yana so. Ya turo shi da hannu har Dumega, ya warwatsa shi a kan tabarma, ya wanke, ya mayar, abu ya tashi. Ƙaramin inji ne da shi, mai siririyar murya, shi ya sa 'yan gari suka raɗa masa Ɗan Akuya. Yakan ɗauki Mani shi kaɗai in ƙasa na da tauri. In aka shiga rairayin fadama kuwa, sai Mani ya sauka su jera tare, shi yana turi, abin yana kuka. Mata a bakin rijiya sukan tambaye shi wane ne ya hau wani.

Wajen shekara goma kafin Nasara su tafi, sanƙarau ya shigo da bazara. Wanda bai ga wannan ciwo ba ya gode wa Allah. Mutum yana lafiya da safe, da yamma kansa ya sara, kashegari wuya ya sanƙare, in ba a yi sa'a ba jibi sai makara. Akwai allura a gidan likita na Dogon Dutsi, kuma kowa ya ji cewa tana aiki in an kai mutum da wuri. Amma daga Dumega zuwa Dutsi kwana biyu ne a kan jaki, ko fiye in da marar lafiya.

Ciwon ya kama Lantana. Mani ya goya ta a bayansa, ya ɗaure da zane, ya hau Ɗan Akuya. Ba su fita daga gonakin gari ba taya ta nutse a rairayi. Injin ya yi kuka, ya yi kuka, ya fara ƙauri, ya mutu. Aka kawo jaki. A kwana na biyu, kafin su kai Kore Mairuwa, ta cika a gindin wani gawo. Can aka rufe ta, mutanen da ba su san ko sunanta ba suka yi mata sutura.

Mani bai sake aure ba. Ma'u kaɗai ta rage masa, tana shekara goma sha ɗaya, yarinya mai surutu da waƙa, wadda in tana daka ana jin muryarta har maƙera. Kowa ya san sanƙarau ba ya zuwa shekara ɗaya ya haƙura. Mani ya ƙudurta a ransa cewa kafin wata bazarar sai babur ɗin nan ya iya ɗaukar mutum biyu ya ratsa rairayi, ya kai Dutsi kafin azahar. Bai faɗa wa kowa ba, amma babu wanda bai gane ba.

Da aka gama cire gero, ya ja bijiminsa guda ɗaya ya ƙetare iyaka zuwa wajen Kamba, inda ya ji wani bafatake na da babur ɗin sojan Ingilishi da ya daki bishiya ya lanƙwashe. Ya bar bijimin can, ya dawo da injin a kan raƙumin wasu masu gishiri. Inji ne baƙi, mai nauyi, ya kusan ninka na Ɗan Akuya sau uku. Da aka ajiye shi kusa da babur ɗin, wani tsoho ya zagaya su ya ce a ganinsa gara a saka babur ɗin a cikin injin, zai fi sauƙi.

Wata uku ya yi yana fama. Injin ya ƙi shiga, sai da ya yanke ƙarfen ƙasa ya ƙara masa tsawo. Tanki ya hana kan injin zama, ya ɗaga shi sama da yatsa huɗu. Sarƙa ta ƙi daidaita da tayar baya, ya kwana biyu yana goge haƙoran ƙarfe da zarto ɗaya bayan ɗaya. Babur na Faransa, inji na Ingilishi, ko ramin kusa ɗaya bai dace da ɗan'uwansa ba. Mani yakan ce Nasaran nan biyu ko a ramin kusa ba su shiri. Saboda haka dole ya ƙera ƙarafa biyu da za su riƙe injin su haɗa shi da jikin babur, ɗaya gaba ɗaya baya. Kafaɗu yake kiransu, don duk nauyin a kansu zai zauna. Ya samo musu ƙarfen baka na ƙarƙashin wata matacciyar kamiyo da aka yar a hanyar Dosso, guntu ɗaya tal, iyakar abin da zai ishe shi.

Duk wata ukun nan Rabo bai ko dubi inda babur ɗin yake ba. In ya zo wucewa, sai ya ɗauke kai ya zagaye shi.

Ranar da Mani ya gama ƙera kafaɗun, ranar kasuwar Tibiri ta kusa, maƙera cike da mutane. Ya lanƙwasa su yadda yake so, ya huda ramuka, ya mayar da su wuta na ƙarshe har suka yi ja. A gefe ya riga ya tara tulin toka mai ɗumi. Niyyarsa ya binne su a ciki su huce sannu a hankali har kashegari. Ya san ƙarfen bakan mota ba irin na tama ba ne, wanda kakanninmu ke narkawa daga dutse. Na tama in ya sha ruwa bakinsa ya yi kyau. Na baka in ya sha ruwan sanyi yakan yi tauri ya wuce kima, ya daina lanƙwasa ko kaɗan, sai dai ya tsinke.

Ya ɗaga na farko da awartaki ya juya wajen toka, sai ya ga Rabo tsaye a gabansa, ya miƙo hannu.

"Mi kaka yi da toka? Dankali kaka gasawa?" in ji Rabo. Amma da murmushi ya faɗa, irin wanda Mani bai gani a fuskarsa ba tun dawowarsa daga soja. "Ba ni awartakin. Abin da za shi ɗauki ɗiyammu ba shi hita maƙerag ga bai sha ruwa ga hannuna ba."

Mani ya ce, "Yaya, wanga ƙarhe..."

"Mi ag gare shi?"

Manoma sun bar hira suna kallo, waɗansunsu suna cikin waɗanda suka yi dariya shekara biyar baya. Mani ya dubi wansa da ya rene shi, wanda yau ne karo na farko da ya sa hannu a aikin nan, har ya kira Ma'u ɗiyarsu. Ya ce, "Ba komi, Yaya." Ya miƙa masa awartakin.

Rabo ya dubi launin ƙarfen, leɓensa ya motsa, ya tsoma. Ruwa ya yi ƙara, tururi ya tashi. Ya yi wa na biyu haka. Ya ɗaga su ya ƙwanƙwasa da muntalaga, suka yi amo mai tsawo, mai daɗin ji. Ya ce, "Ka ji? Wanga ko giwa ta hau shi ba shi lanƙwasa." Gaskiya ya faɗa kuwa.

A nan ne raina yake ɓaci duk lokacin da na zo wannan wuri. Ina jin haushin Rabo, amma na fi jin na Mani. Rabo bai sani ba. Shi da ya sani fa? To, ya ji kunya a gaban mutane, na yarda. Ina ce akwai murhu a gidansa? Da ya cusa ƙarafan nan a garwashin tuwo wuni ɗaya, da sun yi laushi, babu mai ji babu mai gani. Rabo ya ce mini Mani ya gaya masa daga baya cewa har ya taɓa ɗauko su ya tsaya a bakin murhu, sai ya ji kamar wuyan wansa zai sa a wutar, ya mayar. Ya ce wa kansa zai nemi wani guntun ƙarfe ya ƙera sababbi a Dutsi. Ranar zuwa Dutsin ce ba ta zo ba.

Abin da ya ƙara kwantar masa da rai, babur ɗin ya yi kyau. Ranar da ya tayar da shi, awaki suka tsinke igiya, kaji suka haye danni. Ɗan Akuya ya koma yana gurnani. Ya ratsa rairayin da ya kashe masa inji bara kamar ba rairayi ba. Ranar kasuwa har Rabo ya hau baya, hannu ɗaya riƙe da hula, ɗaya riƙe da rigar ƙanensa, suka je Tibiri suka dawo suna dariya, 'yan gari suka fito kallon abin mamaki biyu, babur da kuma dariyar. Mani yakan durƙusa bayan kowace tafiya ya shafa kafaɗun da yatsa yana neman tsaga. Bai samu ba. Sai dai duk tafiye-tafiyen nan a ƙasa mai laushi aka yi su.

Bazara ta shigo, sanƙarau ya dawo kamar yadda aka zata. Ya ɗauki mutum huɗu a unguwar masaƙa kafin ya iso gidanmu. Wata yamma Ma'u ta dawo daga rijiya ta ajiye tulu ta ce kanta na sara. Da gari ya waye aka ce ta duƙar da kai, ta kasa. Mani bai tsaya jiran komai ba. Tanki cike yake tun farkon zafi. Ya goya ta da zanen da ya goya uwarta, Rabo ya ɗaure masa ƙullin da hannunsa, ya ce, "Tahi, Allah shi kai ku." Rana ba ta ɗaga ba suka bar gari.

Suka wuce gonaki, suka wuce fadama, suka wuce Tibiri ba su tsaya ba. Ma'u ta kwantar da kunnenta a bayan ubanta, jikinta zafi kamar garwashi. Gaba da Tibiri suka hau hanyar jan dutse da aka yi da aikin tilas, wadda kamiyoyin gyaɗa suka bi suka bi har ta yi kunya-kunya kamar gona. Mani ya san ya kamata ya sassauta. Amma yarinyar ta daina amsawa in ya kira sunanta, sai ya ƙara wuta. Babur ya shiga karkarwa, haƙoransa na haɗuwa. Ba su yi nisa a haka ba ya ji ƙara ɗaya, ƙas, a tsakanin ƙafafunsa. Kafaɗar gaba ta tsinke. Injin ya sunkuya ya daki ƙasa, kafaɗar baya ta bi ta, sarƙa ta fice. Suka zube a gefen hanya, shi ya juya ya faɗi da ƙirjinsa don kada ta bugu.

Hantsi ne a lokacin. Kakar gyaɗa ta wuce, kamiyo sai a yi mako ba a ga ɗaya ba. Ya bar babur ɗin a kwance, ya ci gaba da ƙafa da yarinya a baya. Da rana ta take, ya wuce gawon da aka binne Lantana a gindinsa, bai tsaya ba, bai ma juya kai ba. Wajen la'asar wani Bafillace makiyayi mai suna Buba ya gan shi yana tangaɗi, ya sauke kayan takarkarinsa ya ɗora yarinyar, ya bar shanu a hannun matarsa ya raka su. Sai kashegari da yamma suka shiga Dogon Dutsi.

Gidan likita cike yake, har gindin itatuwa an shimfiɗa mutane. Likitan ya ɗaga fatar idon Ma'u, ya taɓa wuyanta, ya tambayi yaushe abin ya fara. Da Mani ya faɗa masa, ya girgiza kai ya ce, "Da jiya da rana ne ka kawo ta." Ya yi mata allura.

Ta rayu. A kwana na tara ta tashi zaune ta sha kunu da hannunta. Mani ya durƙusa a gabanta yana yi mata magana, yana faɗa mata za su koma gida, ita kuma tana kallon bakinsa. Sai wata mata ta saki kwanon sha a kan siminti, a daidai bayan yarinyar. Duk ɗakin aka zabura. Ma'u ba ta waiwaya ba. Ta ce da ƙarfi, "Baba, mi yas sa kaka magana ba murya?"

A hanyar dawowa ya tsaya inda babur ɗin yake. An riga an kwashe tayoyi da tanki. Bai taɓa injin ba, guntayen kafaɗar gaba biyu kawai ya kwance ya sa a aljihu. Da suka iso gida ya jira maƙera ta watse, sannan ya ajiye su a kan uwar maƙera a gaban Rabo. Rabo ya ɗauka ya juya su a haske. Babu inda suka lanƙwasa ko kaɗan. Bakin karayar fari ne fat, mai tsaki-tsaki kamar gishiri. Maƙerin da ya shekara arba'in a bakin wuta ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Rabo ya ce, "Ruwa yak karya shi."

Mani ya ce, "Hakanan na, Yaya."

"Ka san haka za shi yi?"

"Na sani."

"Tun ran nan?"

"Tun ran nan."

"To mi yah hana ka hwaɗi?"

Mani ya ce, "Kai ab babba."

Rabo ya daɗe yana kallonsa. Ya ce mini ya so ya mare shi, har hannunsa ya motsa, sai ya tuna wanda ya koya wa yaron yin shiru. Ya ajiye ƙarafan ya fita.

Daga ranar Rabo bai sake shayar da ƙarfe ba, ya ce idonsa ya daina ganin launi. Mani ya karɓi kaskon ruwan, ya yi ta ƙera hauya da lauje har ya tsufa ya mutu, bai ƙara taɓa inji ba. Da motoci suka yawaita bayan tafiyar Nasara, direbobi sukan zo har gida su roƙe shi ya duba musu, ya ce ya manta.

Gwaggo Ma'u ta yi aure, ta haifi shida, ban san ta ba sai da furfura. Magana ba ta bar ta ba, sai dai da ƙarfi take yi, don ba ta jin kanta. Waƙa ce ta bari. Babu wanda ya taɓa gaya mata zancen ruwa da toka. Abin da ta sani shi ne hanya ce ta yi muni. Kuma ba ta da labarin da ta fi so ta ba mu irin na babur ɗin. In mun taru a tsakar gida da yamma, sai ta fara: yadda gurnanin injin nan yake, shi ne abu na ƙarshe da ta ji a duniya, da yadda Baba ya ba da bijiminsa dominta, da yadda Baba Rabo ya tashi da kansa, shi da ba ya ko duban babur ɗin, ya karɓi awartaki ya shayar da ƙarfen da hannunsa saboda son da yake yi mata. Takan nuna shi da yatsa tana murmushi, muryarta na kaiwa har gidan maƙwabta.

Rabo na zaune a kan buzunsa yana ji. Yakan daure har ta zo wurin awartaki, sannan ya lalubi sandarsa ya tashi ya zagaya bayan rumbu. Ita kuwa sai ta ce mana, "Ku bar shi, ba shi son yabo."